Dila Malamin Daji a Ƙofar Zomo: Sharhi a Kan Wani Katun na 1952

Na san wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla, musamman malamanmu, za su taɓe baki in sun ga ɗalibin Hausa ya ɓata tawada a kan katun, watau zanen nan mai motsi da ake kunna wa yara don iyaye su sami sararin hutawa. Za su ce ina ruwan biri da gada. To, hujjata ita ce, duk wanda ya zaga lungunan Dutsin-Ma ko na Kurfi bayan sallar Lisha zai tarar da yara biyar ko shida sun haɗa kai a kan wayar hannu guda, suna ta ƙyalƙyala dariya. A lokacin iyayenmu, wannan sa'a ce ta "ga ta nan ga ta nanku". Ka tambayi yaran nan wane ne Botorami, da ƙyar ka sami ɗaya ya ba ka amsa, amma kyanwa da ɓeran Amurka sun san su kamar yunwar cikinsu. Ashe kuwa abin da ya gaji tatsuniya a wurin zamanta ya cancanci manazarci ya ɗora shi a kan sikeli, ya duba jigonsa da zubinsa da salonsa, kamar yadda aka koya mana mu yi wa waƙa da ƙagaggen labari.

Fim ɗin da na zaɓa sunansa Operation: Rabbit, watau shirin yaƙin kama zomo. Kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fito da shi a watan Janairu na 1952, cikin jerin nan da ake kira Looney Tunes. Chuck Jones ne ya ba da umarni, Michael Maltese ya tsara labari, Carl Stalling ya haɗa kiɗa, sa'an nan mutum guda, Mel Blanc, shi ya yi muryar taurarin duka biyu. Tsawonsa bai wuce kamar minti 7 ba. Ya kamata mai karatu ya sani ba don talabijin aka yi shi ba, ba kuma don yara kaɗai ba. A wancan zamani a gidan silima ake nuna irinsa kafin a sa babban fim, manya da yara suna zaune, shi ya sa akwai zantuka a ciki waɗanda sai babba zai gane inda suka dosa. Fim yana gudu da hoto 24 a kowane sakan, saboda haka minti 7 ɗin nan ya kai hoto dubu 10, kuma da hannu aka zana motsin da ke ciki, babu kwamfuta. Shi kansa sunan fim ɗin ba'a ce ga sojoji, domin tun Yaƙin Duniya na Biyu suka saba raɗa wa kowane farmaki irin wannan suna, kuma a 1952 Amurka tana tsakiyar yaƙin Koriya. Mu ma a nan mun ɗanɗana irin wannan raɗin suna, tun daga shirin noma na Operation Feed the Nation a 1976.

Taurarin su biyu ne. Na farko Bugs Bunny, zomo mai cin karas, wanda ya bayyana da kamanninsa sosai a 1940 a hannun Tex Avery. Na biyu Wile E. Coyote, wata dabba ce dangin kare da ke dazuzzukan Amurka, wadda in Bahaushe ya gan ta ba abin da zai kira ta sai dila. Daga nan zan riƙa kiransu Zomo da Dila. Abin da ya sa ake yawan ambaton fim ɗin shi ne haɗuwar da aka yi, domin kowanensu da gidansa. Zomo ya saba da maharbi mai tsamin baki da wani gajeren ɗan fashi mai jan gashin baki. Dila kuwa an ƙirƙiro shi a 1949 don ya riƙa bin wani tsuntsu mai gudun tsiya a kan titin hamada, ba ya magana, ba ya kuma kama tsuntsun. Sai ga shi an ɗauko shi daga can an kawo ƙofar Zomo, aka kuma buɗe masa baki. Amma a lura, mu da ke kallo yanzu ne muke ganin kamar manyan zakaru biyu aka haɗa. A Janairun 1952 sau ɗaya tak Dila ya taɓa fitowa, fim ɗinsa na biyu da tsuntsu ma sai bayan 'yan watanni ya fito. Watau baƙo ne aka kawo gidan mai suna don jama'a su san shi, kamar yadda kamfanin Fleischer ya yi a 1933 da ya shigo da Popeye ta cikin jerin Betty Boop.

A nan akwai bambancin da ya kamata ɗalibin Hausa ya riƙe. Mu haɗuwar taurari ba labari ba ce a wurinmu. Gizo yakan kwana gidan Kura ya wayi gari a fadar Zaki, jibi ka gan shi yana neman auren 'yar sarki, ba wanda ya taɓa neman izini. Duk tsohuwar da ta ga dama tana iya haɗa Dila da Gizo a rami ɗaya. Can kuwa kowane tauraro dukiyar kamfani ne, da takarda da lauya. Zomo da Dila sun haɗu ne don ubangidansu ɗaya. Kafin Zomo ya tsaya gefen Mickey Mouse, ɓeran kamfanin Disney, sai da aka kai 1988, a fim ɗin Who Framed Roger Rabbit, shi ma bayan an yi ciniki a kan kada wani ya fi wani daɗewa a gaban majigi.

Bari mu warware labarin. Dila ya fito daga kogonsa ɗauke da ƙofa a hammata, irin wadda ake naɗewa. Ya je bakin ramin Zomo, ya kafa ta a filin Allah, ba bango ba danga, sa'an nan ya ƙwanƙwasa. A ganina wannan ƙofa ita ce mafi kyawun abu a fim ɗin duka. Kafin ya furta ko kalma ɗaya mun riga mun san ko shi wane ne: mutum ne wanda tsari ya fi masa ciki muhimmanci, ba zai iya cin maƙwabcinsa ba sai ya yi sallama. Da Zomo ya buɗe, sai Dila ya gabatar da kansa cikin Turanci mai santsi, ya faɗi sunansa ya haɗa da laƙabin haziƙi. Ya ce shi ba talla ya zo ba. Ya bayyana wa Zomo cewa shi ne abincin darensa, kuma gudu ba shi da amfani, tun da ya fi shi ƙarfi da wayo da sauri da girma, alhali shi Zomo ko jarrabawar shiga ajin rainon yara ba zai ci ba. Daga nan ya ba shi minti 2 ya yi addu'a. Zomo ya saurare shi har ƙarshe, ya amsa masa kamar yadda ake sallamar mai bin bashi, ya ce matar gidan ba ta nan kuma an riga an aika musu da kuɗinsu, ya rufe masa ƙofar da shi Dilan ya kawo da hannunsa. Dila ya naɗe abarsa ya koma, yana mamakin me ya sa mutane ba sa son a yi abu cikin sauƙi.

Duk jigon yana cikin wannan fage na farko. Yabon kai jahilci, in ji Hausawa, sai dai nan jahilcin ya zo da allo da alli da taswira. Abin da ya biyo baya maimaici ne na wannan fage, kowane karo da ƙarar da ta fi ta baya.

Dabarar farko, Dila ya yanka kayan miya cikin ramin Zomo ya kifa tukunyar ƙarfe mai dafuwa da tururi a bakin ramin. Ya manta abin da kowane yaro mai farauta a gonakin Kurfi ya sani, watau mai rami ba ya rasa ƙofa ta biyu. Zomo ya ɓullo ta baya, ya tambaye shi me ake dafawa, ya sa shi leƙa ramin, ya tunkuɗa shi ciki. Ta biyu, igwa ce da dogon bututu mai kai harsashi har ɗakin Zomo, shi kuwa ya ƙara nasa bututun ya mayar wa mai kaya kayansa. Akwai kuma wani faifai mai tashi sama, wanda ake murɗa masa sunan dabbar da zai nema ya fashe a kanta. Zomo ya sa fuskar kaza, faifan ya rikice, ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan Dila a jiki ya murɗa. Waɗannan ba su da wani zurfi, da na igwa da na faifai kusan abu ɗaya ne aka faɗa sau biyu, sai dai faifan ya nuna zamaninsa, don tun 1947 Amurkawa suke ta jita-jitar ganin irinsa a sararin sama.

Wadda ta fi su armashi ita ce ta wasiyya. Zomo da kansa ya je kogon Dila, ya ce ya sallama, ba zai iya ja da mai irin wannan basira ba, abin da ya rage kawai a sa masa hannu a takardar wasiyya a matsayin shaida. Ya miƙa alƙalami, ashe sandar nakiya ce da lagwani yana ci. (Ba nakiyar biki ba, ta fasa dutse.) Dila ya gane, ya kashe lagwanin da murmushi, har yana raina dabarar. Bai san akwai wani lagwanin a ɗaya gefen ba. Abin sha'awa a nan shi ne an bar Dila ya yi daidai. Ya ga tarkon, ya kuma kwance shi. Abin da ya kashe shi tsayawar da ya yi yana jin daɗin ya gane. Marubucin da bai ƙware ba zai mai da abokin gaba wawa ne kawai, amma Maltese ya ba shi ilmi na gaske, sa'an nan ya sa ilmin ya zama makafin da ke hana shi duba ɗaya ƙarshen sanda.

Sai fagen da ya sa na zaɓi wannan fim tun farko. Dila ya ƙera budurwar zomo ta ƙarfe, ya cika ta da nakiya, don ta yaudari Zomo. Yana cikin yaba aikinsa sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya buɗe, sai ga budurwar dila, ita ma ta ƙarfe. Mutumin da yanzu-yanzu ya gama ɗaure kusoshin irin wannan tarko da hannunsa, shi ne ya rungume ta yana zuba mata kalaman so, yana yi mata tayin auren haziƙi. Zomo ya danna, ta tashi da shi. Bai gama farfaɗowa ba tasa budurwar ita ma ta fashe a hannunsa. Duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya ya san wannan yarinya. Ita ce budurwar danƙo, wadda mai gona ya kafa don ya kama ɓarawon gyaɗarsa. Gizo ya zo da dare, ya gaishe ta ba ta amsa ba, ya kai hannu ya liƙe, ya kai ɗayan ya liƙe, har ƙafa har goshi. Wannan tatsuniya tana ko'ina a Afirka ta Yamma, kuma bayin da aka kwasa zuwa Amurka sun tafi da irinta. Can ta sake ɓullowa a labaran zomon nan Br'er Rabbit, waɗanda Joel Chandler Harris ya tattara daga bakin baƙaƙen fata ya buga a 1880, da 'yar tsana ta kwalta a madadin danƙo. Ba ina cewa Jones da Maltese sun zauna sun kwaikwayi Gizo ba ne. Abin da nake cewa shi ne zomo mai wayo wanda ke kayar da manyan dawa ba baƙo ba ne a Amurka kafin 1940, kuma hanyar da ya bi ya isa can ta ratsa ta ƙasashenmu. Har ma fim ɗin ya ƙara wa tsohuwar dabara wani abu: a tatsuniya mai gona daban, ɓarawo daban, a nan kuwa mai kafa danƙon shi ne danƙo ya kama.

To amma Dilan nan nasu ba namu ba ne, ko da yake kirarin malamin daji ya zauna masa daram. Malantar dilanmu ta sanin duniya ce. Shi ne wanda Zaki ya sa ya raba nama bayan ya ga marin da Kura ta sha a kan nata rabon, ya tattara duka ya ba Zaki, da aka tambaye shi wa ya koya masa adalci ya nuna Kura. Shi ake kai wa shari'a, ya ce a koma a nuna masa yadda abin ya faru, har mugu ya sake shiga tarkon da aka fid da shi. Dilanmu bai taɓa cewa shi malami ne ba, jama'ar daji suka ba shi. Nasu kuwa shi ya naɗa kansa, ya kuma ƙara wa kansa girma a tsakiyar fim, daga haziƙi zuwa haziƙin haziƙai. Ilminsa na takarda ne, yana zana dabara a kogo ba ya fita ya dubi ramin. In za a faɗi gaskiya, ya fi kama da mu 'yan jami'a in mun koma gida hutu muna koya wa iyayenmu noma.

Yanzu sai inda fim ɗin ya gaza, don ba zan yi masa kara ba. Na farko, babu ko sakan ɗaya da mai kallo zai ji tsoron za a ci Zomo. Ya san kome kafin ya faru, yana da bututu a ajiye, yana da budurwar ƙarfe a ajiye, har tarakta yana da ita. Jones ya sha faɗin cewa ƙa'idarsa ita ce Zomo ba ya fara tsokana sai an tsokane shi, kuma an kiyaye wannan. Amma rashin tsokana bai isa ya sa a damu da mutum ba. A kwatanta da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya rubuta don gasar 1933 yana malami a Midil ta Katsina. Can ma masu wayo biyu ne ke ta gamuwa, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, amma yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Mai karatu ba ya sanin wa zai kwana a ciki, shi ya sa ba ya ajiye littafin. A nan kuwa tun daga ƙofar farko an gama wasa, saura ƙirga duka. Gizo ma da muke ƙauna ai yakan sha kashi, ya ƙone, ya gudu ya hau bango don kunya, kuma wannan faɗuwar ce ta sa yake kama da mutum.

Na biyu, babu yunwa. Dila ya ce abincin dare yake nema, amma wanda ke da kuɗin igwa da ɗakin nakiya ba yunwa ke damunsa ba. A tatsuniya sau da yawa da fari ake farawa, rumbu ya ƙare, Ƙoƙi da 'ya'ya suna jira, sa'an nan Gizo ya fita yin ƙarya. Ƙaryarsa tana da dalili, tana kuma da waɗanda za ta shafa. Hamadar fim ɗin nan ba kowa a cikinta, ba mata ba 'ya'ya ba sarki ba maƙwabci, daga mai ci sai wanda za a ci. Har ila yau buɗe bakin Dila ya jawo hasara. A finafinansa da tsuntsu, inda ba ya magana, tausayinsa ake ji, don kowa ya taɓa bin abin da ya fi ƙarfinsa. Da ya sami baki sai tausayin ya tafi, aka bar mu da jiran a kunyata mai girman kai.

Akwai kuma maganar fashe-fashe, wadda mai sharhi a Amurka zai iya tsallakewa amma ni ba zan iya ba. A cikin minti 7 nakiya ta tashi da Dila sau da dama, kowane karo ya fito baƙi ƙirin, ya karkaɗe jiki, a fage na gaba ya warke sarai. Yaran da ke kallon wannan a yankinmu, daga Kurfi zuwa Safana da Batsari, da yawansu sun ji ƙarar bindiga ta gaske a shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, sun kuma san wanda ta taɓa ba ya karkaɗe jiki ya tashi. Ban ce a hana su kallo ba, kuma na lura sun fi manya sanin cewa zane zane ne. Amma tatsuniya tana da mai ba da ita a zaune, tana ganin fuskar yaro, in ya tsorata ta sassauta, in ya yi tambaya ta amsa. Waya ba ta yin haka.

Duk da wannan, fage na ƙarshe ya biya bashin da ake bin fim ɗin. Dila yana cikin wata bukkar ajiyar nakiya yana ɗura ruwan nakiya a cikin karas, yana ta maimaita sabon laƙabinsa yana jin zaƙinsa a baki. Bai ji ba Zomo ya ɗaura wa bukkar igiya, ya ja ta da tarakta ya ajiye a kan layin dogo. Sai ya ji kukan jirgi, ya waiwaya ta taga, ya ga kan jirgi ya nufo shi. Bai yi ihu ba, bai gudu ba. Ya kai hannu a hankali ya saki labule. Mutumin da ya shigo da ƙofa marar bango ya fita da labulen da zai tare jirgin ƙasa, kuma a wannan ɗan lokaci da bakinsa ya mutu sai tausayin nan da na ce ya ɓace ya komo. Jama'a sun karɓi haɗin, har aka sake gwada shi sau 4, a 1956 da 1960 da 1961 da 1963, amma a cikin waɗanda na kalla babu wanda ya kai wannan labule, ko da na 1956 ɗin da Dila ya sayo kwamfuta tana ba shi shawara, ashe Zomo ne zaune a cikinta.

Tun da masu fassara finafinan Indiya sun nuna cewa Bahaushe yana son jin baƙo yana Hausa, ina ba ƙungiyarmu shawara ta gwada sa wa wannan fim murya, ko don darasin fassara. Rabin daɗinsa a karin harshe yake, domin Blanc ya ba Dila Turancin masu ilmi, ya ba Zomo na 'yan titin birnin New York. Zomo ba wuya, Hausar 'yan tasha za ta ɗauke shi. Dila ne abin gardama. Wani abokina ya ce a ba shi Hausar malaman zaure mai yawan Larabci, ni kuwa na ce a'a, Ingausar ɗan boko ta fi dacewa da mai allo da taswira. Inda za a sha wuya shi ne maganar rufewa. Dila ya dawo da ƙofarsa a ƙone, ya sake gabatar da kansa, amma yanzu ya ce sunansa Taɓo, wanda a Turanci ake nufin wanda mutuncinsa ya zube, ya faɗi sumamme. Zomo ya juyo ya ce mana in aka karanta kalmar daga baya za ta ba da dolo. A Turanci haka ne, a Hausa kuwa taɓo in an juya shi irin na zaurance sai ya ba da ɓota, laka ta ba da kala, babu wadda ta kai mu ga dolo. Mun kwana biyu muna nema a ɗakin kwananmu, mafi kusa da muka samu shi ne a bar taɓo a sa masa suna Wawa, Zomo ya ce wannan suna ko ta ina aka juya gaɓoɓinsa wawa ne.